Shin Rage Feshi Yana Biyan Manomi? Abin da Bincike Ya Nuna

Malam, ka tambaya ko bincike ya tabbatar da amfanin haɗa dabarun yaƙi da ƙwari maimakon dogaro da feshi kaɗai. Misalin da aka fi nazari a kai shi ne Indunusiya. A 1986 gwamnatin Suharto, shugaban ƙasar na lokacin, ta haramta magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa, daga baya ta janye tallafin maganin. Dalili kuwa, feshin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron nan mai tsotse ruwan karan shinkafa, sai ƙwaron ya dawo ya fi da yawa. A 1989 aka fara makarantun gona: manoma kamar 25 su haɗu kowane mako har girbi, suna ƙirga ƙwari kafin su yanke shawarar feshi.

Amma fa sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Wani binciken Bankin Duniya na 2004 bai ga wani bambancin a zo a gani ba wajen yawan amfanin gona ko yawan feshi tsakanin manoman da suka shiga makarantar da waɗanda ba su shiga ba. Inda ake yawan kuskure wajen auna nasarar shirin shi ne, galibi ƙwararrun manoma ake ɗiba zuwa makarantar, sai a jingina ƙwazonsu ga shirin.

Don haka in za ka auna, ɗauki bayanai kafin shirin da bayansa, ka kwatanta da ƙauyuka masu nisa da ba su shiga ba, ka bi damina fiye da ɗaya. Lissafa yawan sinadari a kowace hekta, ba yawan fita feshi ba, ka kuma saka kuɗin ƙwadagon duba gona.