Tambaya da Amsa: Gyaran Gida da Haraji ga Masu Rainon Yara a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rainon yara shida a gidana da lasisin jiha. A bana na kashe dala 800 wajen gyara na'urar ɗumama gida, na kuma sake rufin gidan gaba ɗaya a kan dala 15,000. Zan iya cire duka daga kuɗin da za a yi mini lissafin haraji a kai?
Daga wata mai karatu a jihar Ohio

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka kam ba zai yiwu ba. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta raba gyara da ingantawa, kowanne da hukuncinsa. Gyara shi ne mayar da abu yadda yake: toshe yoyo, sauya gilashin taga da ya fashe, fenti, ko na'urar nan taki. Shi ana cire shi a shekarar da aka biya. Sabon rufi kuwa ya ƙara wa gidan daraja da tsawon rai, don haka ingantawa ne, ana raba shi a kan shekara 39, a riƙa cirewa kaɗan kaɗan da sunan faɗuwar daraja.

Kafin nan sai kin fitar da kasonki na sana'a, wanda a kansa komai ya rataya. Masu raino suna da sassaucin da sauran masu sana'a a gida ba su da shi: ba dole ba ne ɗakin ya zama na sana'a kaɗai, muddin ana amfani da shi a kai a kai, kuma kina da lasisi, ko kin nema, ko dokar jiharku ta ɗauke miki. A madadin haka sai a haɗa fili da lokaci. A ce gidan murabba'in ƙafa 1,600 ne, yara suna amfani da 1,200, wato kashi 75 cikin 100. A ce kuma kin yi awa 3,000 a bakin aiki. Shekara awa 8,760 ce, don haka lokacinki kashi 34.2 ne. Ki ninka biyun, ki sami kusan kashi 25.7. A gyaran na'urar za ki cire wajen dala 205. A rufin kuwa rabonki wajen dala 3,850 ne, a raba shi 39, ya zama kusan dala 99 duk shekara. Fom mai lamba 8829 shi ne wurin wannan lissafi.

Inda mata da yawa suke cutar kansu shi ne ƙirga awanni. Sukan rubuta daga zuwan yaron farko zuwa tafiyar na ƙarshe kawai, su manta da shara, wanke kayan wasa, shirya abinci da cike takardu bayan yara sun watse. Duk wannan aiki ne, in dai an rubuta shi a lokacinsa.

Tambaya: An ce akwai hanyar cire kuɗin ingantawa a shekara guda. Gaskiya ne?
Daga wani mai karatu a Minnesota

Amsa: Akwai biyu, Malam. Ta farko: abin da bai wuce dala 2,500 ba a kan kowane kaya ko kowace takardar biya, ana iya cire rabon sana'a nan take. Ta biyu ta ƙananan masu sana'a ce: idan duk abin da aka kashe wa ginin a shekarar, gyara da kula da ingantawa a haɗe, bai wuce dala 10,000 ko kashi 2 cikin 100 na asalin kuɗin ginin ba, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu, ana iya cire rabon sana'a a shekarar. Ginin dala 300,000 ke nan iyakarsa 6,000, kuma dala ɗaya ta haura, an rasa damar gaba ɗaya. Kowacce sai an maƙala takardar da ke nuna an zaɓe ta a jikin takardun haraji na shekarar, a kuma miƙa su a kan lokaci.

Hattara da wani abu: fentin da aka yi a cikin babban aikin sabunta kicin ya bi sahun aikin, ya zama ingantawa. Ladan gumin kanka kuma ba ya shiga lissafi, sai kuɗin kayan aiki.

Tambaya: Maƙwabciyata ta ce kada in taɓa lissafin faɗuwar darajar gida, wai zan biya idan na tashi sayarwa.
Daga wata mai karatu a Texas

Amsa: Rabin gaskiya ta faɗa miki, 'yar'uwa. Ranar sayarwa, abin da aka cire da sunan faɗuwar daraja bayan 6 ga Mayu, 1997 ana biyan haraji a kansa, wanda ba ya wuce kashi 25 cikin 100, kuma rangwamen ribar sayar da gida na dala 250,000, ko 500,000 ga ma'aurata, ba ya rufe shi. Sai dai wajen lissafin ribar sayarwa, doka tana ƙirga abin da kike da damar cirewa ko da ba ki cire ba. Ƙin cirewa ke nan asara ce. Mai son kauce wa wannan sai ta bi hanya mai sauƙi ta dala 5 a kan kowane murabba'in ƙafa har 300, amma a can babu cire gyara, kuma sai an sake rage adadin da kason lokaci. Ga mai raino da wuya ta biya. Rasit ɗin ingantawa kuma ki adana su har aƙalla shekara uku bayan kin miƙa takardun harajin shekarar da kika sayar da gidan.