An buga zanena a kalanda ba da izinina ba

Tambaya: Ni mai zane ne a Zariya. Na zana hawan sallah na sayar wa wani otal. Bana sai ga zanen a kalandar wani kamfani, ba sunana, ba ko sisi. Da na yi magana suka ce otal ɗin ne ya ba su izini. Ina da abin yi a kotu?

Amsa: Kana da shi, Malam. Abin da otal ya saya ƙyalle ne da fentin da ke kansa. Ikon kwafa da bugawa yana hannunka, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce ba a miƙa wannan haƙƙi sai a rubuce. Yana kuma nan har shekara 70 bayan rasuwarka, magada su ci gajiyarsa. Sai dai ka tuna da kyau: in ka taɓa ce wa otal ɗin da baki su buga, kotu na iya ɗaukar wannan a matsayin izini.

Kafin ka sake yi musu magana, ka samo kalandar ka adana. Ka haɗa da zanen gwaji na farko, hotunan aikin tun bai ƙare ba, da rasit ɗin cinikin. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ba dole ba ce, amma takardarta na taimakawa wurin shaida. Hoton da aka ciro daga waya ko Facebook kuwa sai an haɗa shi da takardar tabbatarwa da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, in ba haka ba lauyansu zai nemi a yi watsi da shi.

Inda masu zane suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen kotu. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara. In ka kai ta kotun jiha ko kotun shari'ar Musulunci, ana iya korar ta bayan ka gama kashe kuɗi.

Lauyanka ya fara da wasiƙar gargaɗi ga kamfanin da otal ɗin duka, sau da yawa nan ake sasantawa. In sun ƙi, ya nemi umarnin dakatar da rabon kalandar tun shekara ba ta yi nisa ba, da diyya ko lissafin ribar da suka samu. Cire sunanka ma laifi ne mai zaman kansa, a sa shi cikin takardar ƙarar.