Amsoshin Tambayoyinku: Ampli mai kwalabe ko na'urar dijital, wanne ya dace da makaɗin gita a Maraɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga unguwar Zariya, ina kaɗa gita a wata ƙaramar ƙungiya, kuma yawancin aikinmu bukukuwan aure ne da na suna, a cikin gari da Tibiri da Madarunfa, wani lokaci har Tasawa. Na tara jika 350. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya ce zai kawo mini ampli na hannu mai kwalabe, irin wanda ake ce wa mai lamp, abokina kuwa ya dage sai in sayi na'urar dijital da ake takawa da ƙafa, wadda ke kwaikwayon sautin ampli iri-iri. Kowa yana cewa sautin kwalba ba shi da na biyu. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka sayi na'urar dijital, amma kada ka zuba mata kuɗin duka; ka ware kaso mai tsoka ka sayi bafal, wato akwatin lasifika, mai ampli a cikinsa, wanda zai zama naka na kanka.

Masu yabon kwalba ba ƙarya suke yi ba. Kwalaben nan na gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsu, kuma sai zaren da ke ciki ya yi zafi ya yi ja kafin su fara aiki. Idan aka matsa musu, sautin ba ya fashewa farat ɗaya, sai dai ya riƙa yin kauri a hankali, ta yadda makaɗi zai taɓa tsirkiya da lallashi ya ji sauti garau, ya ƙara ƙarfin hannu ya ji gurnani, ba tare da ya murɗa komai ba. Saboda wannan ne, duk da cewa an ƙirƙiro tiransista tun 1947 kuma ta kori kwalabe daga rediyo da talabijin, makaɗan gita suka ƙi rabuwa da su, kamfanoni irin su Fender da Vox da Marshall kuma suka ci gaba da ƙera su har yau. Sai dai wanda ya fi jin wannan daɗi shi ne mai gitar da ke tsaye kusa da amplin. A bikin da ake yi a kan titi ko a filin unguwa, abin da ke isa kunnen jama'a shi ne abin da makirfo ya ɗauka, ya bi ta mikisa, ya fito ta bafal ɗin mai sono, wato mai kayan sautin taro, kuma a nan ratar da ke tsakanin na'urorin biyu ta ragu ƙwarai. Ko manyan ƙungiyoyin duniya irin su Metallica ta Amurka, waɗanda ba kuɗin kwalba ya gagare su ba, sun daɗe da komawa kan na'urar dijital ta Fractal a wasanninsu na dandamali.

Abin da ya kamata ya raba maka gardama shi ne wuta. Wutar gidajenmu volt 220 ce a rubuce, amma duk wanda ya yi wasa da janareta ya san yadda take hawa da sauka, musamman idan an jona fitilu da sono da firij na ruwan sanyi a kan inji ɗaya. Ampli mai kwalabe yana ɗaukar abin da aka ba shi ya ninka shi ta taransifoma har ya kai volt 400 ko fiye a cikinsa, saboda haka idan wuta ta faɗi sautin zai yi laushi ya rasa ƙarfi, idan ta haura kuma kwalaben ne ke biyan bashi da kwanakinsu. Akwai wani tarko na dabam a kayan hannu: wanda aka ƙera don kasuwar Amurka volt 120 yake ci, kuma idan aka jona shi kai tsaye a nan, fis ɗinsa ne zai ƙone idan an yi sa'a. Yawancin na'urorin dijital kuwa suna zuwa da adafta mai karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, wasu ƙanana ma, kamar Boss GT-1 da Zoom G1 Four, batir huɗu irin na tocila ƙarama sun ishe su.

Sai zafi da hanya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40, kwalaben kuma da nasu zafin, wanda ke ƙona yatsa idan an taɓa. Ka ɗauki akwati mai gilashi a ciki, da zafinsa, ka ɗaure a bayan kabu-kabu da ƙarfe ɗayan dare, ka bi hanya mai gargada. Ba za a daɗe ba za ka fara jin ƙara kamar ta ƙararrawa ko shuu a cikin sautin, alamar wata kwalba ta sami rauni. Nauyin ma ba wasa ba ne, domin amplin Fender Twin Reverb yana kusan kilo 29, ƙaramin Blues Junior mai wat 15 ma yana kai kilo 14. Idan kwalba ta mutu kuma, masana'antun da suka rage suna yin ta ƴan kaɗan ne a duniya, a Sulobakiya da Rasha da Sin, kuma a 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, sai ta yi ƙaranci farashinta ya tashi har a Turai da Amurka. Manyan kwalaben ƙarfi, irin su 6L6 da EL34, bibbiyu ake sayensu waɗanda aka gwada suka yi daidai da juna, kuma a ampli da yawa sai mai gyara ya sake daidaita wutar da ke bi ta cikinsu bayan an sauya. Wannan saƙo ne da za ka yi zuwa Yamai ko Legas ko ƙetare, ka zauna jira alhali lokacin bukukuwa yana wucewa.

Na'urar dijital ma tana da nata aibu, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka shi ba. Ranar da ta mutu, to ta mutu, domin abin da ke cikinta ƙaramar kwamfuta ce, ba kewayen wayoyi da mai gyaran rediyo zai bi da ido ya gano inda ya ƙone ba. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan da ake takawa har su fara ƙin amsawa, saboda haka jaka mai zif wajibi ce, ba ado ba. Kada ka jona ta a janareta kafin injin ya tashi ya daidaita, kuma ka cire ta kafin a kashe shi, domin a waɗannan lokuta biyu ne wuta ke yin tsalle. Idan za ka sabunta manhajarta ta kwamfuta, ka tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin ba. Darajarta kuma tana faɗuwa da fitowar sabuwa: POD, jar na'urar dijital ta kamfanin Line 6, wadda ta girgiza kasuwa a 1998, yanzu a araha ake sayar da ita, alhali Fender na shekarun 1960 kuɗinsa sai ƙaruwa yake yi. Amma kai ba kayan ajiya kake nema ba, kayan neman abinci kake nema. Da kuɗin da ka ambata, ka cire ranka daga manyan na'urori masu tsada irin su Kemper ko Helix ko Quad Cortex, ka nemi matsakaiciya daga Boss ko Zoom ko Line 6, ka gwada ta da gitarka kafin ka biya, ka taka kowane maɓalli, ka girgiza kowace waya a raminta, sannan ka sayi adafta ta biyu ka ajiye a jaka.

TAMBAYA: Barka da aiki, Malam. Ina kaɗa gita a majami'armu, kuma na sayi irin wannan na'ura ta dijital. A gida, da abin sauraro a kunne, sautinta yana da daɗi ƙwarai, amma da zarar na jona ta a sono sai ta zama siririya mai tsinin kunne, kuma idan ganguna suka tashi ba na jin kaina ko kaɗan. Ko an sayar mini da jabu ne?

AMSA: Da wuya jabu ce, ɗan'uwa. Abubuwa uku ne suka haɗu, kuma babu wanda zai ci maka kuɗi sai na ƙarshe.

Lasifikar da ke cikin amplin gita na ainihi ba ta fitar da sautin da ya wuce kimanin 5,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) da ƙarfi, wato ita da kanta tana tace tsinin. Bafal na sono kuwa an yi shi ne don ya fitar da komai, daga kaurin ganga har sirantakar muryar mace. Shi ya sa na'urarka take da sashen kwaikwayon akwatin lasifika, kuma dole ne ya kasance a kunne idan za ka shiga mikisa kai tsaye. Idan a kashe yake, abin da ka kwatanta shi ne daidai abin da za ka ji. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya jona na'urar a amplin gita ya bar wannan sashe a kunne, sai ya ji sauti a dushe, domin an tace shi sau biyu. Ka duba inda ake zaɓar mafitar sauti a cikin saitin, ka gaya wa na'urar gaskiyar abin da ka jona ta da shi.

Na biyu, kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti iri ɗaya a ƙaramar ƙara da babba. Da ƙaramar ƙara, sautin ƙasa da na sama suna ɓuya, sai mutum ya yi ta ƙara su yana jin daɗi. Idan aka buɗe sono, su ne ke fitowa su cika wuri, na tsakiya kuma, wanda shi ne muryar gita, ya nutse. Ka nemi izini ka je majami'a a ranar da babu jama'a, ka daidaita sautinka da ƙarar da za ka yi wasa da ita ranar Lahadi. Ka yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz, domin wurin mai gitar bas ne, ka yanke na sama daga wajen 7,000 Hz, ka ƙara na tsakiya, ka rage gurnani da amsa-kuwwa fiye da yadda ranka yake so. Sauti uku masu kyau, ɗaya garau, ɗaya mai ɗan kauri, ɗaya na lokacin da kai kaɗai za ka fito, waɗanda ƙararsu ta yi daidai da juna, sun fi ɗari da suka zo da na'urar daga masana'anta.

Rashin jin kanka kuwa ba laifin na'urar ba ne. Bafal ɗin sono jama'a yake fuskanta, kai kana bayansa. Mai ampli yana da akwatinsa a bayan ƙafarsa, kai kuma ba ka da komai, don haka kana bukatar bafal ƙarami a gabanka yana kallon fuskarka, wanda masu sono ke ce wa retur, kuma gara ya zama naka, kai ke murɗa ƙararsa. Wasu za su ce maka jinkirin dijital ne ke raba hannu da kunne. A na'urorin zamani jinkirin bai wuce ƴan ɗigo cikin dubu na daƙiƙa ba, kwatankwacin abin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu a iska.

TAMBAYA: Malam, kawuna ya bar mini tsohon ampli mai kwalabe da ya yi wasa da shi a ƙuruciyarsa. Ya shekara da shekaru a ɗaki, yanzu na kunna yana ƙugi. In buɗe in share ƙurar ciki?

AMSA: Kada ka buɗe shi, ɗana, kuma kada ka sake kunna shi sai mai gyara ya gani. A cikinsa akwai wasu gwangwanaye masu tara wuta, waɗanda ke iya riƙe ɗaruruwan volt bayan an cire waya daga bango, kuma wannan wuta tana kisa. Su ne ma galibi ke kawo ƙugin idan sun tsufa sun bushe, kuma sauya su ba aiki ne mai tsada ba. Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya taɓa aikin rediyo ko talabijin na da, ba yaron da ya ƙware a wayar salula ba. Idan ya gyaru, kada ka taɓa kunna shi ba tare da lasifika a jone ba, domin haka yana ƙona taransifomar fitar sauti, wadda tana cikin sassa mafi tsada a jikinsa, kuma ka duba lambar da aka rubuta a baya, ohm 4 ko 8 ko 16, ka haɗa shi da lasifika mai irin wannan lamba. Tun da kyauta ka same shi, lissafinka ya bambanta da na mai tambaya ta farko: ka saya masa na'urar daidaita wuta, ka bar shi a wuri ɗaya don atisaye da ɗaukar sauti, ka bar shi ya huce kafin a ɗaga shi.

TAMBAYA: Ni ba na son allo da maɓallai barkatai, ba na kuma son wahalar kwalba. Akwai hanya ta uku? Kuma wat nawa zai ishe ni?

AMSA: Akwai, malam, kuma ta fi dacewa da mutane da yawa. Roland JC-120, wanda ya fito a 1975, babu kwalba ko ɗaya a cikinsa, kuma sautinsa garau ya dace da kiɗa mai saurin yatsu irin na gitar Agadas, sai dai shi ma yana da nauyi. Boss Katana, wanda ya fito a 2016, dijital ne a ciki amma ampli ne a waje, da lasifikarsa da maɓallan murɗawa da hannu. Fender ma a 2019 ya fito da jerin Tone Master, inda Twin Reverb ɗinsa ya koma kusan rabin nauyin mai kwalabe. Game da wat, kada babbar lamba ta ruɗe ka, domin ninka wat sau biyu ƙara kaɗan yake ƙarawa, sai an ninka shi kusan sau goma kunne yake jin ƙarar ta ninka. Idan akwai sono a wurin, wat 50 na tiransista ya wadatar, sai a sa makirfo a gabansa. Idan kuwa kai kaɗai za ka yi gogayya da ganguna a fili, ka nemi mai wat 100 da lasifika mai inci 12.