Fatawa: Ɗan hutun lauya a tsakiyar aiki, yana haramta albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni lauya ne, shekarata huɗu ina aiki a ƙarƙashin wani babban lauya a Kano, albashi ake biyana duk wata. Ina fita da sassafe in je kotu, in dawo ofis in duƙufa kan rubutu har bayan isha'i. 'Yan watannin nan kaina ya daina ɗauka. Sai in karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba. Kwanan baya ma na musanya sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara a takardar rantsuwa, Allah ya taimaka sakatariyarmu ta gani. Likita ya ce in riƙa tashi daga kan tebur kamar minti goma duk bayan awa biyu. To amma wani ɗan'uwa mai karatu ya ce duk mintin da ba na aiki, in ba sallar farilla ba, haram nake ci a albashina. Akwai kuma kamfanoni biyu da ofishinmu yake caja da awa, mu muke rubuta awannin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba ka lafiya, ya sa tsoron haram ɗin da ya sa ka rubuto ya zame maka garkuwa. Hutun da likita ya ce ka yi halal ne, kuma ba ya taɓa albashinka. Sai dai maganar kamfanoni biyun nan, wadda ka jefo kamar ba ta cikin tambayar, a nan ne hukuncin yake sauyawa, kuma zan zo kanta.

Cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka ba ya buƙatar dogon bayani, hadisin Salman da Abud Darda'i sananne ne. Aikin lauya kuwa wakilci ne a husuma, ya halatta muddin ba ƙaryar da ka sani kake karewa ba.

Ɗan'uwan da ya yi maka fatawa ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba, don haka kada ka raina shi. Malaman fiƙihu sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai mai jinga, kamar telan da ka kai wa ɗinki: aikin ka saya, ko da dare ya ɗinka ko da rana ba ruwanka. Akwai kuma wanda aka ɗauka na wani lokaci, kamar ɗan ƙodago na yini ko mai albashin wata, shi lokacinsa aka saya. Kai kana cikin na biyu. Kuma gaskiya ne a wasu littattafan Hanafiyya an faɗi cewa irin wannan ma'aikaci ko nafila ba zai yi a lokacin aiki ba. Daga nan ɗan'uwanka ya taso. Inda ya zame shi ne ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi.

Malaman nan ba su ce ma'aikaci ya wuni bai ci abinci ba, bai kewaya ba, bai yi alwala ba. Waɗannan sun fita daga cikin lokacin aiki ko ba a rubuta su a yarjejeniya ba, kuma abin da ya fitar da su al'ada ce, domin ƙa'ida ita ce abin da mutane suka saba a kansa daidai yake da sharaɗin da aka furta. Duba gona da damina. Mutum ya ɗauki 'yan ƙodago biyar su yi masa noma, hantsi ya dubi ludayi aka kawo kunu ko fura, suka jingine fartanya suka zauna gindin ɗorawa suka sha, wani ya miƙe bayansa, suka koma. Ka taɓa jin mai gona ya zabtare musu lada saboda wannan zaman? Shi da kansa yake aiko da kunun, don ya san kunyar da za su yi bayan sun sha ta fi wadda za su yi da yunwa. Ba a taɓa jin malami ya ce ladan nan ya gurɓata ba.

Sannan a duba dalilin hana nafilar. An hana ta ne don tana ɗauke amfanin ma'aikaci daga wanda ya biya ta kai wani wuri. Minti goma da za ka tashi ka wanke fuska ka taka ƙafa amfaninsa ga mai ofishin yake komawa. Mai sassabe in ya tsaya wasa adda, cikin aiki yake. Ogan naka tunaninka yake biya, da idon da zai hango kuskure a takarda kafin lauyan ɗaya ɓangaren ya hango. Zamanka a kujera kana kallon shafin da ba ya shiga kanka ba shi ne abin da ya saya ba, kuma in za a yi maganar lokacin da ya tafi a banza, wannan zaman ya fi cancanta a tuhume shi.

Al'adar ƙasar ma a rubuce take. Dokar ƙwadago ta Najeriya a sashe na 13 ta ce wanda yake aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutu a tsakani, sau ɗaya ko a rarrabe, jimillarsa kada ta gaza awa guda. Na san za ka ce ma'anar ma'aikaci a dokar ta cire masu aikin ƙwarewa irinku, kai ka fi ni sanin wannan. Ban kawo ta don ka kai oga kotu ba. Na kawo ta ne shaida a kan abin da mutanen ƙasar suka ɗauka a matsayin yinin aiki, kuma shi shari'a take dubawa in an yi shiru a yarjejeniya. In aka bi ra'ayin ɗan'uwanka har ƙarshensa, babu ma'aikaci ɗaya da albashinsa zai tsira, malamin makaranta ne ko likita, kuma Allah bai sanya mana ƙunci irin wannan a addini ba. Hanya mafi sauƙi ta kashe waswasin ita ce ka sanar da oga abin da likita ya ce. In ya ce to, magana ta ƙare, haƙƙinsa ne ya yarda.

Iyakar dai a kiyaye ta. Minti goma in ya zama arba'in kullum, ya fita daga al'ada. Haka in ka fake da hutu kana rubuta takardun wata shari'a taka ta gefe wadda ofis bai san da ita ba. Wannan shi ne cin lokacin da aka biya, kuma a nan maganar ɗan'uwanka ta yi daidai.

Yanzu ga kamfanonin nan biyu. Albashinka tsakaninka da oga ne, al'ada ta rufe shi. Takardar awanni kuwa shaida ce kake rubutawa cewa wannan lokaci a kan aikin wane ya tafi, kuma da ita za a karɓi kuɗinsu. In ka fara aikinsu ƙarfe biyu ka gama ƙarfe biyar, a tsakani ka yi la'asar ka sha shayi ka huta jimillar rabin awa, abin da za ka rubuta awa biyu da rabi ne. Rubuta uku ƙarya ce, kuɗin rabin awar kuma cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko da ba aljihunka ya shiga ba, tunda hannunka ne ya rubuta. Ka tsayar da lissafi in ka tashi, ka ci gaba in ka dawo. Sai fa in yarjejeniyar da aka yi da su ta faɗi yadda ake cike gutsuren awa, ko ta ce zaman jira a kotu yana cikin lissafi, to sharaɗinsu ne, a bi shi. Abin da ka riga ka ƙara a lissafin baya, in akwai, ka ƙiyasta shi gwargwadon rinjayen zatonka, ka gaya wa oga a rage a lissafi na gaba. In kuma wani ya ce ka ƙara awa don ofis ya samu, kada ka yi, ko waye shi.

Akwai ma halin da nake ganin hutun ya tashi daga halal ya zama wajibi a kanka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da yunwa da ƙishi da gyangyaɗi. Malamanmu na Malikiyya suka dunƙule shi da cewa kada ya yi hukunci tare da abin da yake ɗauke hankali daga tunani. Kai ba alƙali ba ne, amma dalilin ya same ka, domin haƙƙin mutane yana ratsawa ta hannunka kafin ya isa gaban alƙali. Ka fi ni sanin cewa ƙarar zaɓe kwana 21 gare ta daga ranar da aka bayyana sakamako, in ta wuce ta wuce. Sunan da ka musanya, da a irin wannan takarda ne ranar ƙarshe kuma sakatariya ba ta gani ba fa? Ko gadon marayu ne, ko belin wani da yake tsare? Duk lokacin da ka ji kanka ya kai inda kake karatu ba ka fahimta, kuma takardar gabanka haƙƙin wani ce, ajiye ta ka tashi. Mai salla ma an umarce shi in gyangyaɗi ya kama shi ya kwanta, don kada ya je neman gafara ya zagi kansa.

Ban so in tsaya a kan abin da ka tambaya kaɗai, don wasiƙarka ta dame ni. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana wannan gajiyar aiki da ta zauna wa mutum da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Ta farko da ta uku ka faɗe su da bakinka. Ta biyun nake so ka bincika a ranka. In tsohuwa ta shigo ofis da takardar filinta a ƙulle cikin leda, tana ba ka labari tun daga farko, kana jin tausayinta kamar da, ko so kake ta yi ta tafi? In na biyun ne, minti goma ba zai ishe ka ba. Mutumin da yake fita da sassafe ya zauna a kotu cikin baƙar riga da hular gashi a zafin Afrilu, a ɗage shari'ar bayan awa uku, ya dawo ya yi rubutu har dare, matsalarsa tsawon yinin ne. Ka samu oga cikin ladabi, lokacin da hankalinsa yake kwance, ka nuna masa kuskuren takardar rantsuwar nan da kanka, ka roƙi a rage maka fayil ko a sa maka lokacin tashi. Ɓoye masa halin da kake ciki ba amana ba ce.

Hutun kuma ya zama hutu. Wanda ya ɗauke ido daga kwamfuta ya mayar kan WhatsApp bai huta ba. Fita waje, sha ruwa, sabunta alwala. In ofis ya lamunta, ka ɗan runtsa bayan azahar, ƙailula abu ne da sahabbai suka saba. Salla kuma ka ba ta nata lokacin daban da natsuwarta, kada ta zama ita ce kawai abin da kake saka tsakanin fayil da fayil, kuma kada la'asar ta kai ka rana ta yi ja saboda rubutu. Ina kuma gargaɗinka da lemukan ƙara kuzari da ake sha gwangwani bayan gwangwani, balle ƙwayoyi irin tiramadol da wasu suke fakewa da su don su jure aiki. Shan ƙwayoyin nan haramun ne ba tare da umarnin likita ba, kuma ƙofa ce mai wuyar rufewa.

Ba ka ce ko kana da iyali ba. In kana da su, wanda yake shiga gida bayan isha'i ba ya iya ko hira, akwai wani haƙƙin da yake taruwa a kansa wanda babu mai kawo masa takardarsa. Ka koma wurin likitan nan bayan wata ɗaya ka gaya masa gaskiyar yadda kake barci da yadda zuciyarka take. In baƙin ciki ya fara zama maka, ko ka ji rayuwar ta fita daga ranka, kada ka jira watan ya cika, ka je a ranar. Allah ne mafi sani.