Argungu da Tsibiran Yawuri a Hutu Ɗaya?

Tambaya: Mu 'yan adashi ne a Tudun Wada, Zariya. Muna so mu je bikin kamun kifi na Argungu, mu wuce tsibiran Yawuri, daga Alhamis zuwa Lahadi. Zai yiwu?

Amsa: Malam, zai yiwu, amma da ƙyar. Alhamis ta mota ce: Funtua, Gusau, Sakkwato, sannan Argungu. Ku yi sammako, kada magariba ta riske ku a hanyar Zamfara.

Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ga kabanci, wato wasannin ruwa, ga dambe da kokawa, amma ranar ƙarshe ake jira, da masunta ke rugawa kogin Matan Fada da homa da gora. To ga matsalar: in kamun ya faɗo Asabar, yaushe za ku je Yawuri? Ni dai da ku ƙara Litinin. Kuma ba kowace shekara ake bikin ba, ku jira sanarwa kafin ku biya direba.

Daga Argungu sai Birnin Kebbi, Jega, Koko, Yelwa, babban garin Yawuri. Can za ku yi shatar jirgin ruwa zuwa wajen Gungawa, mazauna tsibiran. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kada ku shiga jirgin da aka yi wa lodi; hatsarin Wara na 2021 ya ci rayuka da yawa.