Eh, sunan jirgin Aradu Hausa ne

Mai tambaya na son sanin ko sunan jirgin ruwan yaƙin Najeriya, NNS Aradu, daga Hausa aka samo shi. Ƙwarai kuwa, malam. Aradun nan ce da ka sani, wadda in ta faɗi da damina yara ke rugawa ɗaki.

Kamfanin Blohm + Voss da ke Hamburg a Jamus ne ya ƙera shi, aka saka shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa ya kai mita 125, wato ya ɗara filin ƙwallo. A goshinsa akwai babbar bindiga mai bakin milimita 127, ga makamai masu linzami, ga kuma fili a baya inda jirgi mai saukar ungulu ke sauka. Lambarsa F89.

A 2005 har Ingila ya je bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, wani shahararren yaƙin teku da Birtaniya ta yi nasara a kan Faransa da Sifen. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin gyara a kan kari, wanda ya sa ya shafe shekaru a daskare a Legas, tsatsa na cin jikinsa.