Ƙaramin otal a tsohon garin Granada, ya dace?

Ɗan'uwa ka ce za ka yi kwana uku a Granada ta ƙasar Sifaniya kana tunanin ka kama ƙaramin otal a cikin tsohon gari maimakon manyan na waje. Ni dai shawarata kama ƙaramin, musamman a unguwar Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmin Andalus ce, lungu-lungu kamar cikin birnin Kano sai dai kan tudu take kuma duk dutse aka shimfiɗa a ƙasa, to in akwatinka mai nauyi ne wallahi sai ka yi gumi don tasi ba ya shiga wasu lungunan, ga shi da yawa daga gidajen tsofaffi ne ba lifta. Ka tambayi masu otal ɗin tun kafin ka biya, ka kuma tabbatar akwai na'urar sanyi in da bazara za ka, zafin Yuli da Agusta kan kai digiri 40.

In ka ga an rubuta hostal a sunan masauki kada ka ɗauka ɗakin haɗaka ne, yawanci ɗakinka ne kai kaɗai. Fasfo za su karɓa su rubuta, doka ce.

Karin kumallo kuwa ka lura, naman alade suna sa shi a burodi, ka ce a ba ka da tumatir da man zaitun kawai. Gidajen abincin halal suna nan titin Calderería Nueva, masallaci kuma yana saman unguwar, a 2003 aka buɗe shi, daga farfajiyarsa kana hango fadar Alhambra. Tikitin Alhambra ɗin ka saya ta intanet makonni kafin ka taso don ƙarewa yake.